Yadda Za A Kare Tsofaffi Daga Faɗuwa: Aikin Ma'aikacin Lafiya Na Unguwa Da Mutanen Gida

Idan tsohuwa ta faɗi a bakin banɗaki da asuba, abin da aka saba shi ne a ɗaga ta, a mulke ta da man zafi, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Daga nan sai 'ya'ya su kafa mata doka: "Inna, don Allah ki daina tashi, duk abin da kike so ki kira yara." Da zuciya ɗaya ake yin haka, amma wannan dokar ce take janyo faɗuwa ta biyu. Ƙafar da ta daina aiki cikin 'yan makonni take yin sanyi, ga tsoro ya shiga, ranar da kuwa Inna ta tashi ba kowa a kusa, jikin ba zai ɗauke ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, sama da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Cikin waɗanda suka kai shekara 65, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Masu shiga gida-gida da za su iya rage wannan muna da su: ma'aikatan asibitin unguwa, da 'yan shirin CHIPS na masu wayar da kai kan lafiya a unguwanni, wanda aka ƙaddamar a Najeriya a 2018, da 'yan sa-kai na ƙauyuka da ke aiki ƙarƙashin cibiyoyin lafiya da ake kira CSI a Nijar. Sai dai horonsu ya fi karkata ga masu ciki da yara, har ya zamana ana wuce dattijo a zaure da sallama kawai. Ga yadda za a sa shi cikin aikin.

Da farko, tambaya

Duk wanda ya kai shekara 60 a yi masa tambaya uku sau ɗaya a shekara: ko ya faɗi cikin shekarar da ta wuce, ko ƙafa tana yi masa rawa in yana tsaye ko tafiya, ko yana jin tsoron faɗuwa. Kada a tambaye shi a gaban surukai da jikoki, domin da yawa suna ɓoyewa don kada a hana su zuwa kasuwa ko masallaci. Kalmar "faɗuwa" ma nauyi take musu. An fi samun gaskiya in an ce, "Baba, ko kun taɓa yin tuntuɓe ko santsi ya kwashe ku?"

In ya ce e, a bi diddigi: a ina, da wane lokaci, me yake yi, ya ji jiri kafin nan, ya san inda kansa yake lokacin da ya kai ƙasa? Wanda ya faɗi sau biyu ko fiye a shekara, ko ya ji rauni, ko ya kasa tashi da kansa, ko ya suma, wannan a rubuta masa takarda zuwa wurin likita. Suma musamman tana iya zama daga zuciya, kuma gyaran tsakar gida ba ya maganinta.

Gwaji uku da kujera da agogon waya

A nemi kujera mai ƙarfi mai majingini, tsayin mazauninta kamar santimita 43, a jingina ta da bango. Farar kujerar roba ba ta dace ba, ƙafafunta suna buɗewa a kan tayil. A auna mita 3 daga gaban kujerar a ja layi. Tef ɗin tela mita ɗaya da rabi ne, sai a auna sau biyu.

Na farko, dattijo ya zauna da takalmin da ya saba, da sandarsa in yana riƙewa. In an ce ya tashi, sai ya miƙe, ya je layin da irin tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗari. A kula da juyowar sosai, nan ne rauni yake fitowa: ƙananan taku da yawa, jan ƙafa, lalubar bango.

Na biyu, ya rungume hannuwansa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe sosai ya koma ya zauna cikin daƙiƙa 30. Tsakanin shekara 70 zuwa 74, ƙasa da 12 ga namiji ko ƙasa da 10 ga mace ya nuna cinya ta yi rauni. Tsakanin 80 zuwa 84, ƙasa da 10 ga namiji, ƙasa da 9 ga mace. Wanda sai ya dafa yake iya miƙewa, a rubuta masa sifiri.

Na uku, ya tsaya ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsun ta baya. In bai kai daƙiƙa 10 ba, daidaiton tsayuwarsa ya ragu. Mai gwajin ya tsaya dab da shi a duk gwaje-gwajen, hannunsa a shirye a bayansa.

Awon jini a kwance da tsaye

Yawanci a zaune ake auna hawan jini, shi ya sa ake rasa wannan matsalar. Ya kwanta minti 5, a auna. Ya miƙe, a sake aunawa bayan minti 1, sannan bayan minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, ko ya ji duhu-duhu a ido, to jini ba ya isa kai da wuri in ya tashi. Wannan ya fi tsanani a zafin Maris da Afrilu, da lokacin azumi, da bayan gudawa. A koya masa tashi kashi-kashi: ya zauna a bakin gado, ya motsa ƙafafu kamar sau goma, ya miƙe yana dafe, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, wasu kuma da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun fitsari, don haka da rana a ajiye musu ruwa a kusa, a rage da dare.

A juye ledar magani a kan tabarma

A ce a kawo komai: na asibiti, na kemis, na mai talla a kasuwa, da jiƙe-jiƙe. Waɗanda ake nema su ne masu sa barci da jiri, irin su diazepam, amitriptyline, Piriton, promethazine, tramadol da maganin tari mai kodin. Sai maganin sa fitsari irin Lasix, wanda in an sha da yamma zai yi ta tashin mutum cikin duhu. Sai glibenclamide na ciwon suga, wanda yake iya sauke suga ƙasa ƙwarai in an sha ba a ci abinci ba. Alamarsa gumi, makyarkyata da ruɗewa. Ana yawan samun maganin hawan jini iri ɗaya da suna biyu, asibiti ya bayar, ɗa ya sayo wani a kemis, dattijo yana haɗa su duka. Ma'aikacin unguwa ba shi zai tsayar da magani ba, kuma diazepam in an daɗe ana sha, yanke shi farat ɗaya haɗari ne. A rubuta sunayen duka da lokacin shansu, a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya tace.

Ido da ƙafa

Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, a wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano, kuma hakan yana rage faɗuwa. A hana kai ido wurin masu sokawa da allura a gargajiyance. Tabarau na karatu kuma ba na tafiya ba ne, yana dusashe ƙasa.

A cire takalmi a duba tafin ƙafa. Mai ciwon suga yakan rasa ji a ƙafa, ya ce kamar a kan auduga yake takawa. Silifas da ya suɗe shi ne abokin santsi. A sauya shi da takalmi mai maɗauri a dunduniya, mai gurza-gurza a ƙasa. Zani ko wando ya tsaya a idon sawu.

A bi hanyar da yake bi da dare

Ba duk gidan za a gyara rana ɗaya ba. A fara da hanya ɗaya, daga gado zuwa bayan gida zuwa wurin alwala, domin ita ake bi da magagin barci, cikin duhu, fitsari ya matsa. Ma'aikaci ya bi ta da ƙafarsa tare da wani babba a gidan, yana nunawa.

A ɗaki, katifar ƙasa tana da wuyar tashi. Gadon da ya dace shi ne wanda in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taka ƙasa, gwiwa daidai da ƙugu. Bakin ledar ɗaki ko kafet da ya naɗe a manne shi ko a yanke. A ɗaure gidan sauro yadda ba zai harɗe ƙafa ba. Tocila ta kwana wuri ɗaya kullum, inda hannu zai kai daga kwance.

A bakin ƙofa akwai dokin ƙofa, wanda ake ɗagawa saboda ruwan sama. In ba zai ragu ba, a shafa masa farin fenti a sa abin kamawa a gefe. A tsakar gida a kawar da turmi, igiyar awaki, icen girki da tabarmar yara daga kan hanyar kafin magariba, a rataya fitilar sola ɗaya da za ta kwana a kunne. Bakin rariya da wurin wanke-wanke suna yin gansakuka da damina, a riƙa gogewa da burushi mai ƙarfi.

Bayan gida shi ne inda aka fi faɗuwa, kuma shi ne ake jin nauyin zancensa. Tashi daga tsugunno yana buƙatar ƙarfin cinya mai yawa, ga jiri da yakan biyo bayan daɗewa a tsugune. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai huji a tsakiya, tsayin kamar santimita 45, da madafin hannu biyu, a ɗora ta a kan bakin masai. A bango a kafa bututun ƙarfe wanda hannu zai iya zagayewa, kamar santimita 85 daga ƙasa. In ginin ƙasa ne ƙusa ba za ta riƙe nauyin mutum ba, sai a haƙa rami a dasa ƙarfen da siminti. Tayil mai sheƙi a shimfiɗa masa tabarmar roba mai kama ƙasa. Wanka da alwala a yi su a zaune, a kan kujera mai tsayi, buta da bokiti a ɗore inda ba sai an sunkuya ba. Wanda yake tashi fitsari sau da yawa a ajiye masa fo mai murfi a ɗaki, kuma ƙofar banɗaki kada ya sa mata sakata ta ciki.

Motsa jiki, wanda shi ne babban maganin

Cikin duk matakan nan, atisayen ƙarfi da daidaito shi ne bincike ya fi tabbatarwa: yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tsarin Otago, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand, an gina shi ne don a yi a gida, sau uku a mako, kamar minti 30, a haɗa da tattaki sau biyu a mako. Tattaki shi kaɗai bai wadatar ba.

A tsaya kusa da taga mai ƙarfe ko wani abu da ba ya motsi. A fara da tashi da zama daga kujera sau 10, zaman a hankali, ba a saki jiki a faɗa ba, domin a saukowar ce cinya take ƙarfi. Sai ɗage a kan yatsu sau 10, sai ɗaga yatsu a tsaya a kan dunduniya sau 10. Sai ɗaga ƙafa gefe sau 10 kowace ƙafa, jiki a miƙe. Sai tsayuwar ƙafa ɗaya gaban ɗaya daga daƙiƙa 10 har a kai 30, sai taku 10 dunduniya na taɓa yatsu a jikin bango.

Inda ake kuskure shi ne a tsaya a mataki ɗaya wata da watanni. In abu ya yi sauƙi a ƙara masa wuya: daga dafawa da hannu biyu zuwa ɗaya, zuwa ɗan yatsa, zuwa sakin hannu. Sai an yi wata uku ana yi kafin a ga bambanci sosai, in kuma an bari ƙarfin yakan koma. Abin ya fi ɗorewa in an liƙa shi da lokaci sananne, kamar bayan La'asar, ko a tara dattawa a ƙofar gidan mai unguwa, mata kuma a islamiyya. Ciwon ƙirji, haki mai tsanani ko jiri, a tsaya a nemi likita. Nama kuma ba ya ginuwa da koko kawai, a haɗa da wake, ƙwai, nono, kifi ko awara gwargwadon hali.

Mai iya sallah a tsaye ya ci gaba. Wanda jiri yake ɗiba in ya ɗago daga ruku'u ko sujada, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba shi damar yi a zaune, kuma zai fi karɓa in liman ne ya faɗa masa.

Sanda: in ya tsaya da takalmi hannu a sake, kanta ya zo daidai wuyan hannu. A sa mata roba a gindi. A riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, su tafi tare da ƙafar mai ciwo. A hawan dakali ko matakala ƙafa mai lafiya ce gaba, a sauka kuma mai ciwon.

In an riga an faɗi

Kada a yi saurin cicciɓa. A tambaye shi inda yake ciwo. In ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, yana jin ciwo a matsematsi, ya kasa takawa, to a ɗauka ƙashin ƙugu ne ya karye. A bar shi a kwance, a lulluɓe shi, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi zuwa babban asibiti ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Wannan karayar a can ciki take inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. In kai ya bugu a kai shi asibiti, balle mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Ko da ya tashi garau a sa masa ido na makonni, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, ya fito da ciwon kai, yawan barci, amai ko ruɗewar da za a ɗauka rikicin tsufa ce.

In ba rauni, ya mirgina gefe, ya yi rarrafe zuwa kujera ko gado, ya dafa da hannu biyu, ya kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, ya yunƙura, ya juya ya zauna. A gwada wannan da shi a kan tabarma tun yana lafiya. Ma'aikaci ya rubuta ranar faɗuwar, wurin da sanadin a littafinsa, ya dawo bayan wata ɗaya ya ga ko an kafa ƙarfen banɗakin kuma likita ya duba magungunan, sannan bayan wata uku a maimaita gwajin mita 3 a kwatanta daƙiƙoƙin da na farko.