Yadda nake zaɓar fulogi ga injin ƙaramin jirgin sama

Fulogin ƙaramin jirgi mai rimot da injinsa ke shan metanol ba ya tartsatsi irin na babur. Leƙa raminsa, za ka ga siririyar waya ta filatinam a nannaɗe. Batir mai bolt 1.2 zuwa 1.5 ke sa ta ja da farko, in inji ya tashi kuma tururin metanol ɗin da ke cikin mai shi ke riƙe mata zafi. Wayar nan ce ke yanke lokacin da mai zai kama wuta: fulogi mai zafi ya kunna shi da wuri, mai sanyi ya jinkirta.

A nan Gombe, injina mai girman .46 (a ma'aunin inci kubik) da fulogin kamfanin O.S. lamba 8 nake tashinsa, wato matsakaici. Da shi nake so ka fara, ɗan'uwa. In nitiron manka, wato sinadarin ƙara ƙarfi da ake haɗawa a mai, kaɗan ne, kamar kashi 5 cikin ɗari, ko injin ƙarami ne, matsa wajen fulogi mai zafi, irin na kamfanin Enya lamba 3. Nitiro mai yawa kuwa mai sanyi yake so. Inji mai bugu huɗu nasa daban ne, O.S. F, kada ka musanya.

Sauran aikin na kunne ne. Ka ta da inji, ka bari ya ɗumama, ka mayar da shi silo, sannan ka zare batir. In ƙarar ta tsaya yadda take, kun daidaita. In ta faɗi ƙasa sosai ko injin ya mutu, ko dai fulogin ya yi sanyi, ko ya tsufa, ko mai ya yi yawa. Rufe allurar da ke daidaita shigar mai kaɗan-kaɗan tukuna, don sau da yawa laifin can yake, a jefar da fulogi mai lafiya a banza, alhali samunsa a nan sai an yi oda. In kuma ka buɗe totur ka ji ƙara kamar ana suyar ƙwai, kan inji ya ɗau zafi, wuta na kamawa da wuri ke nan. Ƙara mai, in bai daina ba ka sauko zuwa fulogi mai sanyi.

Da asubar hunturu nakan ƙara zafin fulogi mataki ɗaya, a zafin Maris da Afrilu in koma lamba 8. Da damina ka toshe bakin galan ɗin mai da kyau, metanol na jan ruwa daga iska, inji ya yi ta mutuwa ka zaci fulogi ne.

Bayan tashi ka kwance fulogin ka duba. Waya mai ƙyalli lafiya lau take. Wadda ta yi fari-fari ko ta lanƙwashe ta gama aiki, kuma yawanci ƙarancin mai ne ya cinye ta. Wajen mayarwa kada ka manta da zoben jan ƙarfen nan da ke zama tsakanin fulogi da kan inji. Fara murɗawa da yatsu, sai ya zauna ka ɗan ɗaure da sifana, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.