Filtar bakin mai ta takarda: yadda zaka gwada ta wakala da ta kasuwa kafin a daura maka

Duk mai Camry ta 2012 zuwa 2017 mai injin 2.5, ko Avalon, ko Lexus ES350, ko Land Cruiser V8 mai injin 4.6 ko 5.7, ya san filtar motarsa ba irin gwangwanin nan bace da ake murdewa a jefar. Takarda ce tsirara a nannade, ana zura ta cikin wani murfi da yake zama a jikin injin din dindindin. Kuma a banshar din nan na Jidda da Makka, wato shagunan gyaran taya da juyen mai, tambayar kullum daya ce, kana tsayawa yaron zai ce maka sifon asali ko tijari? wato filtar kamfanin motar kake so ko ta kasuwa, kai kuma sai ka amsa da abinda aljihunka ya fada maka. Toh ni dai abinda nake so mutanenmu direbobi su gane shine kaya uku ne a kasuwar ba biyu ba. Akwai na wakala, wato na wakilin kamfanin motar, akwai na kamfanoni masu suna irinsu Denso da Mann da Mahle da Hengst da Bosch, sannan akwai jabu wanda aka buga masa kwalin Toyota aka ce maka asali ne. Na ukun nan shine yake cin injin mutane, kuma shi ba a layin tijari yake zama ba, a layin asali ake boye shi.

Fara da lamba kafin komai. Dauko istimara, wato katin rajistar mota, ka duba lambar shasi, da ita mai sayar da kaya zai fitar maka da ainihin lambar filtar, kar ka tsaya a "Camry ce 2017" domin sabon injin 2.5 da Toyota ta fara sakawa a wasu kasashe daga 2018 filtar gwangwani gare shi, V6 din ne ya cigaba da ta takarda. Wadda tafi yawo a hannun mutane itace 04152-YZZA1, ta Camry da Avalon da ES350. Corolla mai injin 1.8 da take da irin wannan tsarin tata 04152-YZZA6 ce, karama. Land Cruiser V8 na fetur mai injin 4.6 ko 5.7 tata 04152-YZZA4 ce, doguwa. Kowane kamfanin tijari na kirki yana rubuta lambar wakalar da kayansa ya maye gurbi a jikin kwali ko a shafinsa na intanet, in babu wannan ka ajiye masa abinsa.

Yanzu ga dalilin da yasa nake cewa filtar takarda tafi ta gwangwani bukatar ido. A ta gwangwani komai yana ciki, takardar da bawul din da robar baki, kamfanin da yayi ta shi ya hada su suka dace da juna. A ta takarda kuwa, irin ta Toyota, bawul din da yake budewa ya saki mai ya wuce in filta ta toshe yana jikin murfin motarka ne, haka bututun karfen nan mai huji huji da yake tsakiya yana rike takardar kar ta lotse. Abinda kake saya takarda ce kawai da roba, dole su zauna daram a gidan da wani kamfanin ya kera. In takardar ta gaza tsawo ko da kadan ne, bakinta baya mannewa, mai zai rika bi ta gefe yana komawa injin da dattinsa kuma babu wata fitila da zata kama ta gaya maka, mota na tafiya lafiya lau kana ganin kayi sabis. In kuma tayi tsawo, ana daure murfi zata murde, ninkin ya karkace ya hade waje daya.

Saboda haka gwaji na farko baya bukatar komai sai idonka. In an ciro tsohuwar, kuma ka tabbata ta wakala ce, a bari ta tsane a dora ta kan kwali kusa da sabuwar. Tsawo daya? Fadi daya? Ramin tsakiya daya? Zura sabuwar a bututun murfin kaji yadda ta shiga, ya kamata ta shiga da dan tauri ta kama, ba ta rika karkada ba. Wannan minti daya ne amma kanikawa basa yi sai ka tsaya a kansu, ba don mugunta ba, layi ne a bayanka kuma zafi ya ishi kowa.

Sai ninkin takardar. Rike ta ka juya a hankali a cikin haske. Ta kirki ninkinta a jere yake tazara daya, in ka dan matsa da yatsa zata dawo, kuma inda aka hada bakin takardar biyu a like yake tsaf tun daga sama har kasa. Ta banza zaka ga wani wajen ya cunkushe wani wajen wawakeke, gam ya dalalo ya bushe a tsakanin ninki, wani lokacin ma har haske kake hangowa ta wurin hadin. Kirga ninkin in kana da hali, in ta kasuwa ta kasa ta wakala sosai kuma ninkin nata bashi da zurfi to takardar da ke ciki kadan ce, zata cika da wuri, tana cika kuma bawul zai bude mai ya rika wucewa ba tacewa. Amma kar ka rike kirge shi kadai, domin filtar da akayi da zaren roba na zamani tana iya zuwa da ninki kadan mai kauri kuma tafi ta takarda zalla rike datti. Kar kuma ka tsorata in kaga ta Toyota bata da faifan roba ko na karfe a sama da kasa alhali ta kasuwa tana dashi, haka akeyin ta wakalar, an like bakin ninkin ne kawai, faifan ba alamar inganci bane.

Robar nan ta zobe da take zuwa a cikin kwali, wallahi ita ce rabin kudin. Bakin mai a cikin injin yana kaiwa wajen digiri 100, ga zafin garin nan da rani yana haura 40, ga cunkoson Makka lokacin Umrar azumi mota a tsaye AC a kunne. Roba mai arha a irin wannan yanayin bushewa take tayi tauri, sai ka fara ganin digo a inda kake fakin. Kwatanta kaurinta da ta wakala, ja ta kadan kaga ta koma yadda take, shafa kaji ko akwai kaifin gefe da injin buga ta ya bari. Kwalin YZZA1 na gaske yana zuwa da babbar roba da karama da wani dan bututun roba na tsiyaye mai, in ka bude babu su to akwai magana.

Toh a ina za'a saya. Ta wakala, Abdul Latif Jameel ne wakilin Toyota a Saudiyya, kuma suna da wuraren sayar da kayan gyara, ko kaje dillalin da yake bada fatura, wato rasit, mai sunan shago da lambar kayan. Abinda zai ankarar da kai jabu yawanci farashi ne, in ance maka asali ne amma kudinsa ya fadi kasa warwas da na wakala to ba sa'a kayi ba. Duba bugun rubutun kwalin ko ya dushe, duba ko akwai kuskuren harafi. Wanda aka yiwa irin wannan yana iya kai kara ma'aikatar kasuwanci ta lamba 1900, amma fa sai da fatura a hannu, shiyasa nake cewa a daina barin ta a kan kanta.

Ra'ayina akan wanne yafi, in motar tana cikin garanti kar ka wahalar da kanka, saka ta wakala ka ajiye takardun. In Toyota ce ko Lexus ko da garanti ya kare ni ta wakala nake zaba, bambancin kudin bai kai na cika tanki daya ba. Masu Marsandi da BMW su kuma labarinsu daban, domin Mann da Mahle da Hengst sune dama suke yiwa kamfanonin Jamus filta, sau da yawa abu daya ne kwali ne ya bambanta, anan kam sayen tijari mai suna ba asara bane. Su nasu filtar tana sama, kuma a sassauta murfin kafin a kwance notin kasa saboda man da ke cikin gidan ya gangara ya fita tare da sauran.

Wajen daurawa ma ka tsaya. A Camry da 'yan uwanta ana fara kwance dan notin da ke kasan murfin a tura bututun robar nan mai ya tsiyaye, sannan a kwance murfin da makullinsa na musamman mai fadin milimita 64, ba filaya ba ba guduma da sukundireba ba, da yawa murfin na roba ne yana tsagewa. Ka tabbata bututun karfen tsakiya bai bi tsohuwar filta zuwa shara ba, yana faruwa, kuma in babu shi sabuwar lotsewa zatayi ko ta wane kamfani ce. A cire tsohuwar roba ba tare da an karce ramin ba, a shafawa sabuwar mai, a zaunar da ita a raminta, ba a can karshen zare ba inda ido yake rudar mutum. A ma'aunin karfin dauri (Nm), daurin murfin 25 Nm ne, dan notin kasa 13 Nm, wato ba karfi ake nunawa ba, robar ce take rike mai. Yaran banshar suna son su danne da dukkan karfinsu, sai sabis na gaba a rasa mai kwancewa.

Sannan al'adar nan ta juye biyu filta daya, ayi juye yau ba sifon sai na gaba, da filtar takarda bata da amfani, kudin da ake ragewa kadan ne kuma tsohon mai yana nan kwance a gidan filtar zai gauraya da sabo. Haka in anyi guguwar kura a leka filtar iska, mafi yawan kasar da take shiga injin ta can take bi, filtar mai komai tsadarta bata iya gyara wannan. In an gama a tada mota, fitilar mai ta mutu cikin 'yan dakikoki, a barta tayi minti biyu zuwa uku sannan a kashe, ka leka kasa da fitilar waya ka shafa gefen murfin da tishu, in ya fito a bushe ka jira kadan ka ja sandar gwajin mai ka duba matakinsa kafin ka biya.