Yadda za ka daidaita ƙarfin sauti kafin ka naɗi murya a kwamfuta

Da farko, kashe fanka, ka rufe taga, idan janareta na aiki ka nisance shi. Ɗaki mai labule da kafet ya fi wanda babu komai a ciki, domin bango yana mayar da amsa-kuwwa.

Na biyu, jona makirufo, ka buɗe Audacity, manhajar naɗar sauti, a wurin da aka rubuta Sample Rate (yawan samfurin sauti da take ɗauka a kowace daƙiƙa) ka zaɓi 48000 Hz idan muryar ta bidiyo ce, ko 44100 Hz idan ta sauraro ce kawai.

Na uku, a nan aikin yake. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Yi magana yadda za ka yi ta da gaske, har da wuraren da za ka ɗaga murya, idonka na kan ma'aunin sauti. Rage ko ƙara ƙarfin shigar sauti har ma'aunin ya riƙa yawo wajen -18 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti, 0 ne ƙololuwar ma'aunin), in ka ɗaga murya kada ya wuce -6. Don Allah kada ka bari ya taɓa 0. Daga nan kwamfuta take datse sautin, muryar ta fashe, kuma babu gyaran da zai mayar da ita yadda take. Wadda ta ɗan yi ƙasa kuwa ana iya ɗaga ta daga baya.

Sai ka naɗi gwaji na daƙiƙa 20, ka saurara da hedifon. In ka ji gurnani a ƙarƙashin muryar, zare cajar laftof ka sake gwadawa, sau da yawa daga wutar yake.

Ka ajiye aikinka a WAV, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti. MP3 sai lokacin turawa.