Yadda Ake Bibiyar Nauyin Yaro Domin Rage Masa Haɗarin Ciwon Suga da na Zuciya

A fara da sanin nauyin da aka haifi yaro da shi, a rubuta, a adana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a matsayin mai ƙarancin nauyi, kuma tun a 1989 likita David Barker da abokan aikinsa suka nuna, daga tsofaffin takardun haihuwa na yankin Hertfordshire a Ingila, cewa mazan da aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, ɗan tayin da bai samu isasshen abinci ba yakan fifita ƙwaƙwalwa, sai tsoka da ƙoda da ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, su samu abin da ya rage. Jaririn da ya haura kilo 4, musamman idan uwar ta yi ciwon suga lokacin goyon ciki, shi ma yana bukatar sa ido.

Daga nan sai katin awo. A riƙa auna nauyi da tsayi tare, a ɗiga su a kan layukan katin, domin awo ɗaya ba ya faɗin komai sai an jera shi da na baya. Yaron da ke bin layinsa, ko da na ƙasa ne, yawanci lafiyarsa ƙalau. Wanda ke tsallake layuka zuwa sama bayan ya cika shekara biyu shi ne abin dubawa. Binciken da aka yi a kan mutanen da aka haifa a Helsinki, babban birnin Finland, tsakanin 1934 da 1944 ya gano cewa waɗanda ciwon zuciya ya kama da girma sun kasance sirara a haihuwa da kuma a shekara biyu, sannan suka yi ƙiba da sauri. An ga irin wannan game da ciwon suga a birnin Delhi. A nan ne tausayi kan yi wa iyaye illa, don ganin ɗa ya taso a rame yakan sa a yi ta ɗura masa abinci har bayan ya murmure. Ciyarwa mai kyau a shekaru biyun farko, da nonon uwa zalla na wata shida, tana gina tsayi da tsoka, amma nauyin da ya hau da gaggawa bayan nan kitse ne mafi yawansa.

Lissafin da likitoci ke amfani da shi wajen gane ƙiba ba shi da wuya: a ninka tsayi a mita da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Yaro mai kilo 20 da tsayin mita 1.1 zai ba da 16.5. Kada a auna wannan da ma'aunin manya, sai da jadawalin shekarunsa da jinsinsa. Lambar takan hau har kusan shekara ɗaya, ta sauka har wajen shekara biyar zuwa bakwai, sannan ta sake hawa, don haka ɗan shekara huɗu da kumatunsa suka zube bayan ya fara guje-guje ba lallai ne yana da matsala ba. Idan kuwa ta juya sama tun yana shekara uku ko huɗu, to ƙibar girma ta fara kunno kai.

Ga wanda ya wuce shekara biyar, zare ma ya isa. A yanke shi daidai tsayin yaron, a lanƙwasa shi gida biyu, a zagaya cikinsa da shi a saitin cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne ya fi hana insulin aiki. A duba bayan wuya da hammata. Fatar da ta yi duhu da kauri, wadda ake zaton dauɗa ce amma sabulu ba ya fitar da ita, alama ce da ta cancanci a gwada sugan jini da hawan jini, balle idan akwai mai ciwon suga a dangi.

Idan an ga ƙiba, lokaci bai ƙure ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan maza sama da 60,000 a Denmak ya nuna cewa masu ƙiba a shekara 7 da suka daidaita kafin shekara 13 haɗarinsu na ciwon suga bai fi na waɗanda ba su taɓa yin ƙiba ba. Ba a sa yaro mai tasowa ya yi ta zama da yunwa. Abin da ake nema shi ne nauyi ya tsaya cik yayin da tsayi ke ƙaruwa. A fara da rage lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi, domin ba sa ƙosarwa. A tabbatar ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, da barcin awa 9 zuwa 12 ga ɗan makarantar firamare. Canjin ya shafi gida duka, don yaron da aka ware wa kwanonsa ana yi masa gori yakan koma ci a ɓoye. A sake awo bayan wata uku, da sikeli ɗaya, ba takalmi.