Kurakuran da aka fi yi in za a je hutu yankin Jura na Faransa

In aka ce Faransa yawancin mutanenmu Paris kawai suka sani, a je a ɗau hoto gindin hasumiyar Eiffel a juyo gida. Amma can gabas dab da iyakar Suwizalan akwai wani yanki mai suna Jura, ƙasar tuddai ce da gonakin inabi da shanu, bai kai yankunan inabi irin su Bordeaux ko Champagne suna ba, shi ya sa ba cunkoson ƴan yawon buɗe ido. Wallahi ina son wajen nan, kuma abin na damuna in ga mutum ya kashe kuɗin biza da tikiti ya je ya dawo bai more komai ba saboda wasu ƴan kurakurai.

Na farko tun daga gida ake yin shi. Da mutum ya ji an ce yankin giya ne sai ya ce ai ni Musulmi ne me zai kai ni. Eh giya suke yi da inabin, garin Arbois ma yana cikin na farko-farko da hukuma ta ba wa giyarsu shaidar asali a 1936, amma ba wanda zai ɗura maka, kuma abin gani ya fi ƙarfin kwalba. A Arbois ɗin nan gidan Louis Pasteur yake, mutumin da ya samo rigakafin cizon mahaukacin kare a 1885, a garin Dole aka haife shi a 1822 amma a Arbois ya tashi, har yau ɗakin gwaje-gwajensa na nan ana shiga a gani. Ga Salins-les-Bains inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana dafa ruwan ƙarƙashin ƙasa ana fidda gishiri, UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihi na duniya a 2009, za a sauka da kai ta matakala cikin wani dogon rami na dutse mai sanyi ka ga tsohon famfon da ruwa ke juyawa yana aiki har yanzu. Ga Baume-les-Messieurs, ƙauye a ƙasan kwari duwatsu sun zagaye shi, ga ruwan da ke zubowa daga tsauni a Hérisson.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na abinci, kuma nan ne ya kamata a buɗe ido sosai. Mutum ya ƙi shan giya a kofi amma ya ci ta a faranti bai sani ba. Abincin da suka fi taƙama da shi kaza ce da miyar kirim da naman kaza, wato laimar kwaɗi, to wannan miyar da giyarsu ruwan ɗorawa ake yin ta, wadda suke kira vin jaune, duk inda ka ga kalmar nan a takardar abinci ka wuce. Narkakken cuku da ake tsoma burodi a ciki, fondue, shi ma ana zuba masa farar giya. Tsiran Morteau kuma naman alade ne zalla, haka lardons, ƴan gutsattsarin nan da suke barbaɗawa a salak da dankali. Akwai kuma wani abin sha mai zaƙi Macvin da ake miƙo wa baƙo kafin abinci, za a ce maka ruwan inabi ne a ciki, gaskiya ne amma an gauraya shi da barasa mai ƙarfi. In ruwan inabi tsantsa kake so ka ce jus de raisin, sannan ka haddace sans alcool da sans porc, wato ba barasa ba alade, ka faɗa tun kafin a kawo. Kifin ruwan daɗi da ƙwai da kayan lambu ba sa wuya, amma su ma ka tambayi miyar. Mahautan halal kuwa sai manyan garuruwa irin su Dole da Besançon, kar ka sa ran samu a ƙauye.

Sai maganar cuku. Comté shi ne abin alfaharinsu, garin Poligny ne cibiyarsa, dunƙule ɗaya kan kai kilo 40 kuma yana cin madara kusan lita 400, ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 4 a ajiye. Kar ka saya a babban kanti, ka nemi inda aka rubuta fruitière, nan ne makiyaya ke haɗa madararsu a yi cukun, za a yanka maka ka ɗanɗana kafin ka biya. Abu ɗaya dai, da wani sinadari na cikin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madarar, wanda ke da tantama ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya. Af, cukun nan mai hoton jar saniya tana dariya da muke gani a shagunan Yamai da Kano, La Vache qui rit, a Lons-le-Saunier babban birnin Jura aka fara yin shi a 1921.

Wani kuskuren shi ne zaton mota na nan ko'ina kamar tasha. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Gare de Lyon a Paris zai kai ka Dole cikin awa 2 da ɗan wani abu, daga nan akwai ƙananan jirage zuwa Arbois da Poligny da Lons, amma ƙauyukan kan tudu irin Château-Chalon sai da mota, ba ɗan acaba ba adaidaita, tasi ma sai ka kira tun da wuri. Ka yi hayar mota, kuma in otomatik kaɗai ka iya ka nema tun kana gida don yawancin na haya masu giyar hannu ne.

Lokaci ma yana kayar da mutane. Gidajen abinci daga 12 zuwa 2 na rana suke ba da abinci, in ka zo 3 sai dai ka jira 7 na yamma, ranar Lahadi da rana kantuna a rufe, da yawa har Litinin. Ka sayi burodi da ƴaƴan itace ka ajiye a mota. Lokacin sanyi kuwa ba wasa, ƙanƙara ake yi a tuddai kuma wuraren ziyara da dama na rufewa, gara ka je tsakanin Mayu da Satumba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9 da rabi na dare, ka duba jadawalin sallah na garin a wayarka, kar ka bi agogon gida.

A Satumba ake girbin inabi, za ka gan shi a gefen hanya ba shinge ba mai gadi, don Allah kar ka miƙa hannu ka tsinka, gonar wani ce kuma da ita yake ci da iyalinsa. In ka ga mai gonar ka fara da bonjour, haka in ka shiga kanti ko gidan burodi, su ma kamar mu ne, wanda bai yi gaisuwa ba ba a sakar masa fuska.