Kurakuran da ke cinye haƙƙin ma'aikaci a Maradi: sallama daga aiki da hutun haihuwa

Tambayar da ta fi gajiyar da ni ita ce: "Malam, an sallame ni, ina ake zuwa karɓar kuɗin rashin aiki?" Ba a zuwa ko'ina. A Nijar babu asusun da ke biyan wanda ya rasa aiki kuɗi duk wata kamar yadda ake yi a Faransa. CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, abu 3 ta riƙe: tallafin iyali, haɗari ko cutar da aiki ya jawo, sai fansho. Ofishin ANPE kuwa, wato hukumar samar da aikin yi, rajistar masu neman aiki yake yi ya ba su kati, ba ya raba kuɗi. Je ka yi katin, yana da amfani. Amma abin da za ka ci kafin wani aikin ya samu yana hannun wanda ya sallame ka, kuma yadda ka fita daga ƙofarsa shi ke nuna ko za ka same shi. Maganata a kan ma'aikatan kamfanoni ce, da ƙungiyoyi, da makarantu da asibitocin kuɗi, waɗanda dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta shafa. Ma'aikatan gwamnati tsarinsu daban.

Babban kuskure, wanda ke sa ni ɗaga murya, shi ne rubuta takardar ajiye aiki da hannunka. Maigida zai kira ka ofis, ya sa a kawo ruwan sanyi, ya ce kasuwa ta mutu, kaya ba sa shigowa ta Ɗan Isa kamar da, "don kada sunanka ya ɓaci, rubuta cewa kai ka ajiye." Ga takarda, ga biro. Kai kuma kunya ta kama ka, don shi ya ɗauke ka aiki, ko don limamin unguwarku ne ya haɗa ku. Da ka sa hannu, kuɗin sallama sun tafi. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da su.

Bari mu yi lissafi ka ga abin da kake yarwa. Tsohuwar yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta 1972, wadda aka sabunta a 2022, cewa ta yi wanda ya cika shekara 1 aka kore shi ba da babban laifi ba, a ba shi kashi 20 cikin 100 na matsakaicin albashinsa na wata a kan kowace shekara cikin 5 na farko, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 bayan nan. Mai albashin jika 100 da ya yi shekara 7, jika 160 ke nan. Ga wa'adin sanarwa, wata 1 ga mai albashin wata, wata 3 ga manyan ma'aikata, in ba a ba ka wa'adin ba a biya ka kuɗinsa. Ga kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba, kwana 2 da rabi a kan kowane wata. In kuma don karayar arziki aka rage ku, akwai ƙarin albashin wata 1. Duk wannan ka bari saboda kunya? Ni abin da nake gaya wa kowa: ninke takardar, ka ce "Alhaji, a bar ni in yi shawara da gida." Kada ka yi faɗa, kada ka daina zuwa aiki, domin rashin zuwa shi ne laifin da ake jira a ɗora maka. Ka ce in sallama ce, a rubuto ta da dalilinta.

Na biyu shi ne wanda ya ci ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na yi shekaru a wani kamfani, duk ƙarshen wata ana cire mini kuɗi da sunan CNSS. Lokacin da maiɗakina ta samu ciki na tafi neman tallafin iyali, ma'aikacin ya duba ya sake dubawa, ya ɗago kai ya ce babu sunana, babu lambata. Kuɗin da aka yi ta cirewa ba su taɓa isa asusun ba. Shekarun nan da na ɗauka ina tara wa tsufana, ashe zuba ruwa nake a rariya. Ku ji ni da kyau, matasan da kuke murna kun samu aiki a gidan mai ko a wata ƙungiya: yi wa ma'aikaci rajista wajibi ne a kan mai aiki, ba alfarma ba ce. Ku nemi lambarku tun watannin farko, ku taka da ƙafarku zuwa ofishin CNSS na nan Maradi ku tabbatar ana zubawa. Ni yanzu duk shekara sai na je. Takardun albashi kuma cikin leda nake sa su, ledar cikin akwatin ƙarfe, saboda damina da gara. Wanda ake miƙa wa albashi a hannu ba takarda, ranar rigima da me zai nuna ya taɓa yin aiki a wurin?

Mata, yanzu da ku nake. Hutun haihuwa mako 14 ne a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa, kuma ana iya ƙara mako 3 in likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwar ta jawo. Cikin wannan lokaci ba a korar mace. CNSS na biyan rabin albashi, wadda kuma ta yi shekara 2 a wurin, mai aiki ke cika mata sauran. To me ya sa malamar makarantar kuɗi za ta ɓoye cikinta cikin hijabi har wata 8, sannan ta aiko ƙanenta ya ce "Anti ba za ta samu zuwa ba"? Saƙon baki ba hutu ba ne. Bayan arba'in ta dawo ta tarar da wata a ajinta, a ce ita ta gudu. Na san kunyar cikin fari, na san al'adar tafiya wankan gida wurin iyaye a Tibiri ko Madarunfa, ba na raina ko ɗaya. Amma ƴar'uwa, karɓi takardar ungozoma ko likita mai nuna lokacin haihuwa, ki rubuta neman hutu kofi 2, a buga hatimi da kwanan wata a kan naki, ki adana. In kunya ta hana ki, mijinki ya kai. Kada ki tsallake awon ciki, don da takardunsa ake biyan tallafin masu juna biyu. Bayan kin koma aiki kina da hutun shayarwa har awa 1 a rana tsawon wata 12 daga ranar haihuwa, ki nema.

Maza kuma ku daina ɗaukar mako guda don suna ba izini. Kwana 1 aka ba uba, sauran ka roƙa a cire daga hutunka na shekara, a rubuce. Takardar haihuwar jariri a yi ta da wuri a ofishin magajin gari, in babu ita babu kuɗin yara.

Kada ka fita ba takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce ko da faɗa aka rabu. In ka riga ka sa hannu a takardar da ke cewa an biya ka komai, kada ka yanke ƙauna, wannan rubutun ba ya hana ka neman abin da doka ta ba ka. Mai kwantiragi na wa'adi da aka katse masa kafin lokaci ba da babban laifi ba, shi ma yana da abin nema.

Sai jinkiri. Mutum zai yi wata da watanni yana aika dattawa su ba maigida haƙuri, alhali ƙarar albashi tana da wa'adi. Ka aika dattawan, ba laifi, amma a makon nan ka kai kokenka wurin sufeton ƙwadago na jiha. Zai kira ku sulhu, in an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba magana ta wuce kotun ƙwadago, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Ka tafi da kwantiragi, da takardun albashi, da takardar sallama, kowace da kofinta, asalin kuma kada ka bar wa kowa.