Yadda Mace Ke Zama Mai Ɗora Murya a Anime da Wasannin Bidiyo

Masu kallon katun ɗin Japan, wato anime, da dama ba su san cewa muryar Goku na Dragon Ball a harshen Japan ta mace ce ba. Masako Nozawa, haifaffiyar 1936, ita ke riƙe da ita tun 1986. Luffy na One Piece ma Mayumi Tanaka ce ke magana da bakinsa tun 1999. Ana ba mata muryar yara maza ne saboda ta yaro na gaske kan buɗe da zarar ya fara balaga, shirin kuwa sai ya shekara ashirin ana nuna shi. Don haka mace na da fili babba a sana'ar nan, sai dai zaƙin murya kaɗai ba ya kai ta ko'ina. Iya wasa shi ne jari.

Fara da koyon wasan kwaikwayo

A Japan mai son wannan aiki kan shiga makarantar horo, galibi ta ɗaya daga kamfanonin da ke wakiltar masu murya, irin su Aoni Production. Sai ta shekara ɗaya, biyu ko fiye, sannan a tantance ta, kuma kaɗan ne ke tsallakewa. Ke da ba ki can, nemi ƙungiyar dirama ta makaranta ko wasan kwaikwayo na rediyo. Rediyo ya fi, a ganina, domin babu fuska babu hannu, komai sai murya ta ɗauka.

Ga atisayen da za ki yi yau. Ɗauki jimla guda: "Ina kika je?" Faɗe ta a matsayin uwa da hankalinta ya tashi, sannan kishiya mai neman magana, sannan ƙanwa da aka bari a gida tana kuka. Naɗa a wayarki ki saurara. In duka ukun sun fito iri ɗaya, sai dai wata ta fi wata ƙarfi, to da sauran aiki. Kafin ki buɗe baki, ki san wa kike yi wa magana, kuma me kike so daga gare shi.

Sai daidaita magana da motsin baki

Duk mai kallon fassarar fina-finan Indiya ya san yadda abin ke ɓata rai idan jaruma ta rufe baki murya na ci gaba da zuba. A sutudiyoyin Amurka da ke mayar da anime Turanci, yawancinsu a Texas da Los Angeles, ke kaɗai za ki shiga ɗakin naɗi. Za ki ji ƙara sau uku a kunne, a gurbin ta huɗu sai ki fara, ki kuma dire daidai rufewar bakin zanen. A Japan kuwa an saba tara 'yan wasa a ɗaki ɗaya, makirufo uku ko huɗu, kowa ya matso ya faɗi nasa ya ja da baya babu motsi. Shi ya sa ba a shiga da awarwaro ko tufa mai ƙara, har juya takarda sai an koya.

A gida, kashe sautin bidiyo, rubuta maganar da za ta shiga tsawon motsin bakin, ki yi ta maimaitawa.

Gyara wurin naɗi

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Ƙaramin lungu da kika kewaye da barguna da katifa zai ba ki sauti mai tsafta fiye da falo mai tayil. Kashe fanka, jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Manhajar Audacity kyauta ce, ta kuma isa.

Haɗa samfurin muryarki

Kamar minti ɗaya ya wadatar, muryoyi huɗu ko biyar mabambanta, mafi kyau a farko. Kada ki kwaikwayi wata fitacciya, masu ɗaukar aiki ai suna da ita. Fara da ƙananan ayyukan masu haɗa katun da gem a intanet. Wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya gwada ki, rabu da shi.

Wasannin bidiyo daban suke

Sau da yawa babu hoto a gabanki, sai jerin layuka a warwatse, darakta na gaya miki halin da ake ciki. Ga kuma nishi da ihu: an naushe ki, kin faɗo daga bene, wuta ta kama ki, kowanne sau da yawa. Zaman naɗi kan kai awa huɗu, kuma nan ne mutane ke lalata maƙogwaronsu. Roƙi a bar ihun zuwa ƙarshe. Numfashi ya taso daga ciki, ki riƙa kurɓar ruwa marar sanyi, balle a hunturu. Idan kin ji zafi, tsaya ki faɗa. Ba rashin kunya ba ne.

Karanta kwantiragi kafin sa hannu

Kuɗin farko ba shi da yawa. Sabuwar shiga a Japan kan karɓi yen 15,000 a kashi ɗaya na minti 30, ko layinta ɗaya ne ko ɗari, kamfaninta kuma ya cire nasa. Shi ya sa da yawa ke haɗawa da wani aikin. Abin da ya fi damuna shi ne ƙirƙirarriyar basira (AI), wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum. A kanta ne masu ɗora murya a wasannin bidiyo na SAG-AFTRA, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a Amurka, suka shiga yajin aiki a Yulin 2024, ba su janye ba sai 2025. Ki duba da kyau ko takardar ta ba kamfani damar horar da na'ura da muryarki ko ƙera irinta. In ta ba shi, nemi a cire wurin, ko a rubuta ƙarara iya aikin da za a yi da ita, tsawon wane lokaci, da nawa za a biya ki duk sadda aka yi amfani da ita.